Ƙarar Daƙiƙa Biyu

Ƙarar ba ta wuce daƙiƙa biyu. Da asuba idan na murɗa makulli, sai injin ya yi wani "karrr", kamar an zuba tsakuwa a gwangwani an girgiza, sannan ya daidaita ya ci gaba da aikinsa kamar ba shi ya yi ba. Na fara jin ta a hunturun ƙarshen 2023, kuma na yi mata fassarar da ta fi mini sauƙi: sanyi ne, ai ko mutum idan ya tashi da safe sai gaɓoɓinsa sun yi ƙara. Wata huɗu na yi ina jin ta kowace safiya ina kawar da kai. A wannan makon zan ba ku labarin abin da take faɗa mini, da kuɗin da na zubar kafin in saurara, da mutumin da na ɗora wa laifin da ba nasa ba.

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2008, mai injin silinda huɗu da ake kira 2AZ-FE, lita 2.4. Daga Amurka ta shigo bayan ta yi rayuwarta ta farko a can. Ni aikina binciken kuɗi ne a Kano, mahaifiyata kuma tana Zariya, shekaru sun ja, ƙafa ta yi nauyi. Kowace Juma'a bayan sallah nakan kama hanya in je in gan ta, in sayo mata magani, in dawo ranar Lahadi. Saboda haka motar nan ita ce igiyar da ta ɗaure ni da gida.

Wata Juma'a cikin zafin Afrilu, ina tare da maiɗakina da yara biyu, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, na fito zan wuce wata tirela. Na taka totur, injin ya yi gurnani, amma motar ta ƙi miƙewa yadda na saba. Ga tirela a gefena, ga wani direba ya matso bayana yana danna hon, ni kuwa ina ta taka totur kamar mai taka laka. Allah Ya kiyaye, na samu na koma bayan tirelar. Da na dubi dashbod sai na ga fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama. Maiɗakina ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta riƙe hannun ƙaramin yaron har muka shiga Zariya.

Abin da na'ura ta faɗa

Ina da bakanike, saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba, kuma shekara biyar yana duba mini mota ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Ranar Litinin na kai masa. Ya saurari labarin ƙarar asuba, ya zaro sandar awon mai ya shafa a yatsa, ya murza, ya ce, "Yallaɓai, ni da za ka yarda, mu fara buɗe murfin saman nan mu ga abin da ke ciki. Man nan bai yi mini ba."

Ban yarda ba. A raina na ce neman kuɗin aiki ne. A wannan zamanin da ake sa wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta da kanta, me zai sa a kama kwance inji? Na sa aka kira mai na'ura, ya jona ta a ƙasan sitiyari, ta fito da lamba: P0012. Ya karanta bayanin, ya ce kamshaf ɗin shigar iska yana makara, kuma galibi solanoyid ne. Na sa bakanikena ya sayo sabo ya ɗaura. Aka goge lambar, fitila ta mutu, na tafi ina jin na yi dabara.

Kwana shida ta dawo, da rana tsaka, ina cikin cunkoson Ɗangi. Aka ce to sansar kamshaf ce, aka canza. Ta dawo. Aka ce giyar da ke kan kamshaf ɗin ce, wadda ta fi su duka tsada, na ciro daga kuɗin da na ware na makarantar yara aka sayo aka ɗaura. Ƙarar asuba ta yi sauƙi na ɗan lokaci, fitilar kuwa ko mako biyu ba ta yi ba ta sake kamawa. A nan ne na tsaya a tsakiyar gareji, gaban yaransa, na ce masa kayan jabu yake sayo mini yana karɓar kuɗin na ainihi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah Ya sani, Yallaɓai." Na kwashe tsofaffin kayana na zuba a but na tafi.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana abin da a lokacin ban sani ba, domin duk kuskuren yana cikinsa.

Numfashin inji

Injin mota numfashi yake yi. Kowace silinda tana shaƙar iska da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta, fashewar ta tura fistin ƙasa, sannan a fitar da hayaƙi. Ƙofofin da iska ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita su ne bawul. Mai buɗe su shi ne kamshaf, wata doguwar sandar ƙarfe da ke kwance a saman injin, da tozaye jere a jikinta. Duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya danna bawul ya buɗe, idan ya wuce sifirin ya mayar da shi. Irin injina yana da kamshaf biyu, ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Sarƙa ce ta haɗa su da kuranshaf da ke ƙasa, kuma sai kuranshaf ya juya sau biyu kamshaf yake juyawa sau ɗaya. Idan allurar dashbod ta nuna juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda.

A tsofaffin injuna, lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗaya ne tal, tun daga ranar da aka ƙera su. Matsalar ita ce bukatar inji tana sauyawa. A silo, yana son bawul ɗin shiga ya jinkirta buɗewa har na fita ya kusa rufewa, don kada hayaƙi ya komo ya gurɓata sabuwar iska injin ya riƙa karkarwa. Idan ana son ƙarfi a matsakaicin gudu, kamar mai son wuce tirela, ya fi kyau bawul ɗin ya buɗe da wuri ya rufe da wuri, don kada fistin ya tura iskar da ya shaƙa ta koma. A babban gudu kuwa iskar tana shigowa da ƙarfin kanta, sai a bar ƙofa a buɗe ta ɗan ƙara lokaci. Riga ɗaya ba ta yi wa mutum damina da hunturu da bazara.

Kamfanin Alfa Romeo na Italiya ne ya fara sayar da mota mai sauya lokacin bawul a 1980. Honda ta fito da nata tsarin, VTEC, a 1989, ta wata hanya daban. Toyota ta kawo VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, kuma shi ne a motata da mafi yawan Camry da Corolla da ke yawo a titunanmu.

Ga yadda yake aiki. Giyar da ke kan kamshaf ɗin shiga gida ce mai ɗakuna a ciki. Bangon waje yana manne da sarƙa, na ciki kuma wani abu ne mai fukafukai da aka ɗaure da kamshaf, kowane fiffike yana tsakiyar ɗaki ya raba shi biyu. Idan aka tura baƙin mai ta wannan gefen, fukafukan su karkata gaba, kamshaf ya riga sarƙa kaɗan. Idan aka tura ta wancan gefen, ya koma baya. Kwamfutar motar tana duban sansar kuranshaf da ta kamshaf ta san inda kowanne yake, sannan ta umarci solanoyid, wanda shi ne mai gadin ƙofar mai, ya karkatar da man inda ake so. Idan an kashe mota man yakan tsiyaye daga ɗakunan, shi ya sa aka sa wani ɗan fil da ke faɗawa rami ya kulle fukafukan har mai ya sake hawowa. Idan fil ɗin bai kama ba, fukafukan sai su riƙa dukan bangon ɗakin da babu kowa, har mai ya iso. Ƙarar daƙiƙa biyun ke nan.

Abin lura shi ne, kwamfuta umarni kawai take bayarwa, solanoyid ƙofa kawai yake buɗewa. Wanda ke yin aikin na zahiri, wanda ke tura ƙarfen, baƙin mai ne. Lambar P0012 kuwa abin da take cewa shi ne: na ce kamshaf ya matsa gaba, bai matsa yadda na ce ba. Ba ta ambaci mai laifi ba. Mu ne muka karanta sunan wurin da aka ji ciwo, muka ɗauka sunan cutar ne.

Gonar ƙarshen magudana

Bayan na bar bakanikena, wani abokin aikina ya ba ni shawarar in zuba mai mai kauri, 20W-50, wai ƙasarmu zafi gare ta, siririn mai na Turawa ne. Na yi. Fitila ta yi kwana goma ba ta kama ba, na fara murna. Amma ƙarar asuba ta dawo, har ta fi da tsawo. Daga nan ne surukina ya kai ni wajen wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin injuna, gemunsa fari fat, garejinsa ba shi da ko allon suna.

Shi ma yana da na'ura, amma bai tsaya a kan lambar ba. Ya ba wani yaronsa ya riƙe, ya ce in tuƙa. Ya buɗe shafin da ke nuna lambobi biyu a jere: inda kwamfuta ta ce kamshaf ya tsaya, da inda ya tsaya a zahiri. Da inji yana da sanyi, lambobin biyu suna tafiya tare kamar tagwaye. Muka zaga ta Titin Gabas kusan rabin awa. Da inji ya ɗau zafi sosai, sai ta biyun ta fara jan ƙafa: kwamfuta ta nemi digiri ashirin da wani abu, kamshaf ya tsaya a ƙasa da goma, musamman idan juyin inji ya yi ƙasa.

Ya ce, "Malam, waya ba ta san sanyi da zafi haka ba. Abin da ke canzawa idan inji ya yi zafi, mai ne. Yana tsinkewa. Idan akwai inda yake zurarewa, a lokacin zai fi gudu."

Da muka dawo ya tambaye ni ko ina da tsofaffin kayan. Na buɗe but. Ya ɗauki tsohon solanoyid ɗina ya sa masa mita. Littafin gyaran irin wannan injin ya ce a samu tsakanin om 6.9 da 7.9 idan yana da sanyi. Nawa ya nuna 7.4. Ya jona shi da batir, sandar cikinsa ta motsa "ƙyat", ya cire ta koma. Lafiyarsa ƙalau. Ya gwada sabon, shi ma haka. Na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, domin a wannan lokacin na gane ba a taɓa sayo mini jabu ba.

Daga nan ya kwance wani noti a gefen kan injin, ya zaro 'yar rariya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ke tace man da ke zuwa solanoyid. Rabinta ya toshe da baƙin dagwalo, kuma da ya shafa a farin tsumma ya kai rana, sai ga wani ƙyalli-ƙyalli kamar garin azurfa. Ya ce wannan alminiyon ne, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Ya cire sansar fitilar mai ya ɗaura gejin matsi na allura a wurinta. A silo, inji da zafi, allurar tana ɗan sama da mafi ƙarancin abin da littafi ya yarda da shi. Na ce, "To Baba, ai ke nan matsin lafiya, kuma fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Kai da kake bin hanyar Zariya kullum, ka san gonakin Kadawa. Idan ruwa ya yi ƙaranci, wa ke fara kuka, na bakin magudana ko na ƙarshe? Kamshaf shi ne gonar ƙarshe." Fitilar mai kuwa, in ji shi, ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, kuma ba ta san yawan man da ke cikin kasko ba, balle kyansa. Wanda ke jiran ta kafin ya duba mai, kamar mai jiran suma ne kafin ya yarda yana jin yunwa.

Sai ya yi abin da aka roƙe ni in bari a yi tun ranar farko: ya buɗe murfin saman. Ban taɓa ganin cikin injina ba sai ranar. Inda ya kamata a ga ƙarfe mai ruwan zuma, sai ga baƙin abu kamar kwalta ya lulluɓe komai, har ana kankare shi da sukuddireba.

Abin da bai kai kaurin gashi ba

Kamshaf yana kwance ne a kan mazaunai da aka fafe a jikin kan injin, kowanne da murfinsa da ake ɗaurewa da noti. A ƙa'ida ƙarfen sandar ba ya taɓa mazauninsa idan inji na aiki; yana yawo ne a kan shimfiɗar mai da famfo ke turawa. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashin kai ba, 'yan ɗigo ne cikin ɗari na milimita. Idan man ya yi datti, dattin ya zama kamar yashi yana gurzar mazaunin. Idan ya makara wajen hawowa, ƙarfe ya gogi alminiyon kai tsaye, kuma alminiyon ne mai laushi, shi ke cinyewa.

Mazauni na farko, na kusa da giya, aikinsa biyu ne. Bayan ɗaukar sandar, ta cikinsa ne man da solanoyid ya saki yake ratsawa: ya bi ta wasu kwaruruka da ke zagaye da wuyan kamshaf, ya shiga ramukan cikin sandar, ya isa ɗakunan giya. Wato wannan mazauni shi ne mahaɗar bututu tsakanin abin da ke tsaye da abin da ke juyawa, kuma matsewar ratar ce kaɗai ke hana man gudu. Idan ta buɗe, man da aka aika ya tura fukafukai sai ya zurare a hanya. Da safe yana da kauri, isasshe yakan isa. Da rana ya tsinke, sai kamshaf ya makara. Wannan ne ya sa mai mai kauri ya kwantar da fitilar kwana goma: ya rage yoyon. Amma shi ne kuma ya fi jinkirin hawowa da asuba, a daidai lokacin da mazaunan suka fi bukatarsa. Na rufe bakin mai kuka, ciwon yana ci.

Dattijon bai ce in yarda da maganarsa ba, aunawa ya yi. Ya ɗaga kamshaf ya wanke wuyoyinsa da mazaunan, ya mayar. Ya fito da wani siririn zaren roba da ake kira Plastigage, ya yanka guntu-guntu ya ɗora a kan kowane wuya, ya mayar da marufan, ya ɗaure su da sifana mai awon ɗauri daidai yadda littafi ya ce, ba tare da ya juya sandar ba. Da ya sake buɗewa, sai ya gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa: iya matsewar rata, iya bajewar zare. Koren zare yana auna daga 0.025 zuwa 0.076 na milimita. A mazauni na farko da biyu na bayansa, koren ko bajewa bai yi ba. Sai da ya ɗauko ja, mai kaiwa 0.152, sannan aka samu karatu, kuma duka ukun sun haura 0.1, sun wuce iyaka. Ya kama ɗan yatsana ya ja farcena a kan mazaunin, na ji yana sarƙewa a cikin zane.

A wannan injin, mazaunin farko na kamshaf ɗin shiga yana da ɗan ɓawon ƙarfe da makanikai ke kira metal, wanda ake iya cirewa a sa sabo. Sauran a kan alminiyon ɗin kan injin suke kai tsaye, kuma marufansu tare aka huda su da shi a masana'anta, don haka ba a ɗauko murfin wani inji a ɗora, ba a ma sauya musu wuri a inji ɗaya. Ya ce, "Da ka zo lokacin da ƙarar ta fara, wataƙila wankin ciki ne da metal guda. Yanzu kan injin ne gaba ɗaya."

Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi mini da irin wannan nutsuwar: "Yaushe rabonka da juye, kuma kafin shi yaushe?"

Littafina ya ba da shaida a kaina

Ina da ɗan littafi a aljihun mota da nake rubuta duk abin da na kashe mata. Halin aiki ne. Na buɗe shi a gabansa da niyyar kare kaina, sai ya zama shi ne shaidar da ta kama ni.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Tafiyar Zariya ba ta raguwa, albashi bai ƙaru ba. Sai na rage abin da ba ya kuka nan take. Littafin motar ya ce a yi juye duk mil 5,000 ko wata shida. Ni na kai har 9,000 a allon dashbod. Kuma da yake motar ta Amurka ce, da mil take ƙirga. Na san haka sarai, amma a raina nakan karanta lambar kamar kilomita ce don ta yi mini sauƙi. Mil 9,000 kusan kilomita 14,500 ne, cikin ƙurar hunturu da cunkoson Kano da zafin bazara, yanayin da ya kamata a rage tazara a cikinsa. A kan murfin zuba mai an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Ni kuwa da injin ya fara shan mai saboda tsufa, nakan tsaya a bakin hanya a yi mini ciko da na awo, wanda ban san sunansa ba balle asalinsa. Filtar iska sau biyu ana bugun ta da iska a mayar, maimakon a sa sabuwa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wannan darasin shi nake koya wa sababbin ma'aikata a ofis. Nakan ce musu shafin da lissafi ya ƙi daidaita a kansa ba lallai ne nan aka yi ɓarna ba, nan ne kawai ta bayyana; a bi sawun kuɗin baya har a kai tushe. Da abin ya zo kan motata, na bar jaki na koma dukan taiki, sau uku, da kuɗin makarantar 'ya'yana.

Gyaran ya ɗauki kwana biyar. Muka shiga Ƙofar Ruwa tare neman kan inji na hannu, dattijon da zarensa da sifanarsa a jaka. Biyu ya ƙi bayan ya buɗe marufansu, na uku ya auna kowane mazauni, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ya tabbatar bai lanƙwashe ba, sannan ya ce a yi ciniki. A gareji ya sauke kaskon mai na ƙasa, aka samu rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ita ma ta kusa toshewa, aka wanke ta. Ya buɗe metal ɗin ƙasa ya duba, ya ce Allah Ya rufa asiri, ɓarnar ba ta kai can ba. Ya busa kowace hanyar mai da iska, ya sa sabon gasket, ya duba sarƙa da abin da ke ɗame ta, ya daidaita alamominta. Giyar da na riga na saya ita aka mayar. Ya shafe wuyoyin kamshaf da mai kafin ya rufe, ya ɗaure marufan bi da bi, kaɗan-kaɗan, kowanne a gurbinsa. Ya zuba man da aka rubuta a murfi, ya ce in dawo bayan kilomita 1,000 a zubar a sake, don ya kwashe sauran dattin. Da muka fita gwaji, lambobin nan biyu suka tafi tare, da sanyi da zafi.

Ba ina cewa kowace P0012 kan inji ba ce. Sau da yawa solanoyid ne da gaske, ko rariya, ko mai ya yi ƙasa, ko sarƙa ta saki, ko fil ɗin giya ya cinye. Abin da na koya shi ne jerin tambayoyin, daga mai araha zuwa mai tsada: a duba yawan mai da kamanninsa, a kalli abin da kamshaf ke yi da sanyi da zafi, a gwada solanoyid kafin a jefar da shi, a zaro rariya, a auna matsi da geji, a buɗe murfi a gani da ido. Kusan duk waɗannan kuɗin aiki ne kawai, babu sayen kaya. Idan mai gyara ya ce a sayo abu, hakkinku ne ku tambaye shi gwajin da ya nuna masa cewa tsohon ya lalace. Idan kuma ya ce a buɗe a duba tukuna, kada ku yi saurin zarginsa kamar yadda na yi.

Ranar Asabar da ta biyo baya ban je Zariya ba sai da yamma. Da safe na biya ta garejin saurayin nan, na tarar da shi a ƙarƙashin wata Corolla. Na jira ya fito. Na sa aka kira yaransa, waɗanda suka ji abin da na faɗa a ranar, na ce musu kayan da maigidansu ya sayo mini na ainihi ne, maganar da ya faɗa tun farko ita ce gaskiya, ni ne na ƙi ji. Na ce masa ya yafe mini.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Haba Yallaɓai, ya wuce. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗan yi shiru yana kallon motar. Sai ya ce in buɗe bonet. Ya zaro sandar awon mai, ya ɗaga ta a rana, ya murza a yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta lambar juye na gaba a 'yar takarda ya manna a gefen gilashi, kuma a ƙarƙashin lambar, da manyan baƙaƙe, ya rubuta: MIL.